PNG ko TGA ko DDS, da wanne zan ajiye tekscha a Oblivion?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum ’yan’uwa, don Allah wanda ya san harkar nan ya ɗan haska min. Ina so in canza wasu tekscha ne, wato hotunan da ake lulluɓe jikin abubuwa da su, a gem ɗin Oblivion, The Elder Scrolls IV ɗin nan na 2006, ba wani babban mod (gyaran da ’yan wasa ke yi wa gem) ba ne, garkuwar ƙarfe guda ce nake so in sake mata zane, sai ganyen wata bishiya da nake ganin ya dushe da yawa a babban allo. Na ciro na asalin daga cikin BSA, fayil ɗin da gem ɗin ke ƙunshe kayansa a ciki, na buɗe a shirin zane na GIMP na yi aikina ya fito yadda nake so wlh, to wajen ajiyewa ne kaina ya ɗaure.

Da fari PNG na ajiye tunda shi na sani baya ɓata hoto, na zuba shi cikin Data\Textures, gem ɗin ko kallonsa bai yi ba, tsohuwar garkuwar dai nake gani. Sai na lura duk nasu DDS ne, na koma Paint.NET zan ajiye a DDS sai ga zaɓi rututu, DXT1, DXT3, DXT5, BC7, wasu an rubuta sRGB a gefensu wasu ba a rubuta ba, na taɓa karantawa wai BC7 ne ya fi kowanne kyau sai na ɗauke shi, yanzu garkuwar bata fitowa daidai kuma wani lokacin ina ɗauko ta gem ɗin sai ya rufe kansa.

Abinda nake son sani, wanne ne daidai a cikinsu? Kuma me yasa ba za a bar mutum ya yi amfani da PNG ba tunda ya fi tsafta? Sannan akwai wani akwati da aka rubuta mipmap, in danna shi ko in bar shi? Girman kuma na asalin 512 ne ni na mayar da nawa 4096 don ya fito tar, ko hakan ma matsala ce? Na gode, Allah ya saka.

Tsohon_Injin:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa harkar. Kafin komai ka riƙe wannan, ba kai ke zaɓen irin fayil ba, injin gem ɗin ne ya riga ya zaɓa tun ranar da aka rubuta shi, kai naka kawai ka duba abinda na asalin yake ka mayar masa da irinsa. Duk sanda ka rasa ta cewa buɗe fayil ɗin da ka ciro ka ga da me aka ajiye shi. Ko Notepad ma ya isa, ja DDS ɗin ka saka a ciki, zaka ga tarkacen rubutu mara ma’ana amma a can sama haruffan farko DDS ne, ɗan gaba kaɗan zaka ga DXT1 ko DXT3 ko DXT5 a rubuce ɓaro-ɓaro. Buɗe naka da ka ajiye yanzu, na tabbata DX10 zaka gani a wurin, to wannan shine ciwon. Kada dai ka danna ajiye a Notepad ɗin, kallo kawai ka rufe.

Oblivion a kan DirectX 9 yake tafiya, tsarin Microsoft da gem ke bi ya yi magana da katin girafik. BC7 kuwa sai da DirectX 11 ya zo a 2009 aka samu shi, shekara uku bayan fitowar gem ɗin, don haka bai san shi ba sam. Wanda ya ce maka BC7 ya fi kyau bai yi ƙarya ba, amma maganar Skyrim Special Edition na 2016 yake yi, gem ɗin Elder Scrolls da ya biyo bayan Oblivion, ko Skyrim na farko na 2011 baya karanta shi balle Oblivion. Haka waɗancan da aka rubuta sRGB da DX 10 a gefensu, ko da BC1 ne ko BC3, suna ƙara wa kan fayil ɗin wani ɗan bayani na bayit 20 da tsohon inji bai san yadda zai yi da shi ba. Ka ɗauki wanda sunansa ke ɗauke da DXT kawai. BC1 shine DXT1, BC2 shine DXT3, BC3 shine DXT5, suna ne aka canza musu a DirectX 10 amma abu ɗaya ne.

Maganar PNG, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa saboda suna kallon girman fayil a folda. PNG ƙarami ne a kan diski kawai. Katin girafik baya iya zana komai daga PNG kai tsaye, dole sai an warware shi gaba ɗaya ya koma bayit 4 kowane fiksel kafin ya shiga memorin kati. DXT kuma a matse yake shiga, a matse yake zama, katin yana karanta shi a haka yana zanawa. Dabarar ta kamfanin S3 Graphics ce tun zamanin katinsu Savage 3D a 1998, Microsoft ta ɗauka ta saka a DirectX. Yi lissafin da kanka, hoto mai 1024 sau 1024 in ba a matse ba MB 4 ne, a DXT5 MB 1 ne, a DXT1 rabin MB ne. Naka na 4096 in ba a matse ba MB 64 ne, garkuwa ɗaya tal.

Yadda matsewar take, ana yanka hoton ƙananan murabba’ai huɗu sau huɗu, fiksel 16 kenan. A kowane murabba’i kala biyu kacal ake ajiyewa, sai a ƙirƙiro wasu biyu a tsakaninsu, kowane fiksel ya zaɓi ɗaya cikin huɗun nan. Shi yasa a kan dutse ko katako ko ƙarfe mai tsatsa ba zaka ga bambanci ba, amma a wurin da kala ke sauyawa a hankali kamar sararin sama ko fuskar mutum sai ka ga ’yan akwatuna akwatuna. Kuma kalar a DXT1 da DXT3 da DXT5 duk iri ɗaya ake matse ta, DXT5 bai fi DXT1 kyawun kala ba ko kaɗan, bambancinsu a alfa ne kawai, wato ɓangaren da ke cewa nan a gani nan kada a gani. DXT1 ko dai babu alfa ko kuma mai mataki biyu, akwai ko babu. DXT3 yana da mataki 16 tsayayyu. DXT5 yana sulalewa a hankali, girmansa ɗaya da DXT3, shi yasa ni kusan na daina taɓa DXT3 sai in na ga na asalin shi ne. To garkuwarka in ba ta da alfa DXT1, ganyen kuma DXT5.

Mipmap ka danna shi, kada ka yi wasa da wannan. Ƙananan kwafi ne na hoton, rabi, rabin rabi, har ya kai fiksel ɗaya, gem ɗin yana ɗaukar ƙaramin in abin yana nesa. Kusan kashi ɗaya cikin uku yake ƙara wa girman fayil amma in babu shi abu daga nesa sai ya dinga ƙyaf-ƙyaf kana tafiya, kuma katin ya fi wahala. Inda ba a sa shi kawai shine hotunan menu da ’yan alamomin kaya, tunda su kullum a girma ɗaya suke fitowa.

Girman dole ya zama irin 256, 512, 1024, 2048, ba dole faɗi da tsawo su zo ɗaya ba, 512 sau 1024 ma yayi, amma 1000 sau 1000 a’a.

Wani abu kuma da zai iya cizonka ko ka yi komai daidai, Oblivion yana da tsohuwar matsalar nan ta fifita abinda ke cikin BSA a kan fayil ɗin da ka ajiye a folda. In ka gyara DDS ɗin har yanzu tsohuwar garkuwa kake gani to ba laifin hoton ba ne, shiga shirin sarrafa mod, Wrye Bash ko Oblivion Mod Manager, ka kunna BSA Redirection.

Mai_Grove:

Ni GTA San Andreas nake taɓawa ba Oblivion ba amma abinda Malam Tsohon_Injin ya faɗa akan girma gaskiya ne ɗari bisa ɗari. A wajenmu hotunan a cikin fayilolin TXD suke, TXD ɗin kuma a cikin babban fayil ɗin gta3.img, kana iya shigo da PNG ta shirin Magic.TXD amma shi ma a ƙarshe sai ka ce masa ya matse zuwa DXT, in ka bar su a buɗe kuma ka cika motoci da tituna da manyan hotuna sai ka ga kana gudu a mota titi ya ɓace, gine-gine sun koma dishi-dishi, kana shawagi a kan iska, saboda ɗan memorin da gem ɗin ya ware wa lodin gari ya cika. Mutane suyi ta zargin kwamfutarsu alhali mod ɗin ne aka yi shi ba tsari, hoton tayar mota 2048 don Allah wa zai tsaya kallon taya.

Ɗan’uwa 4096 a garkuwar da aka yi ta 512 yayi yawa, ka sauko 1024, in kana ji da ita sosai 2048. Kuma ƙara girman hoto baya ƙara masa komai in ba sabon zane ka yi a kai ba, dushewar ce kawai zata ƙara faɗi.

Kuma kowane gem da nasa, kada ka ɗauki dokar Oblivion ka kai wani wuri. Half-Life na 1998 da Counter-Strike 1.6 kala 256 kacal suke ɗauka a tekscha ɗin bango a cikin fayil ɗin WAD, faɗi da tsawo su rabu da 16, wanda ake so a gani ta cikinsa kamar waya ko tsani sunansa sai ya fara da alamar { sannan kalar ƙarshe a jerin kalolin ita ce ke ɓacewa, shuɗin nan da ake gani. Quake III kuma TGA da JPG yake ci kai tsaye.

Fiksel99:

Ni fa ban yarda da wannan tsoron ba gaskiya. Wannan lissafin na zamanin da kati ke da MB 128 ko 256 ne, yanzu ƙaramin kati ma yana da GB 4 zuwa 8, me zai sa in ɓata zanen da na sha wahala a kai da akwatunan DXT? DDS ai yana da wanda ba a matse ba, A8R8G8B8, Oblivion yana karanta shi lafiya lau, ka ajiye a haka ka huta, kala ta fito yadda ka zana ta babu ragi.

Tsohon_Injin:

Fiksel99 maganarka tana da gaskiya rabi, yana karanta shi kam, kuma akwai wuraren da ni ma haka nake yi, hoton menu, rubutu, ƙaramin abu mai sulɓi da DXT ke lalatawa. Amma ba katin ba ne ke fara cika, gem ɗin kansa ne. Oblivion shiri ne na bit 32, GB 2 kacal yake iya riƙewa, in ka yi masa facin nan na 4GB a Windows mai bit 64 ya kai 4, daga nan babu ƙari ko kana da RAM GB 32 a injinka. Sannan a DirectX 9 yawanci ana ajiye kwafin tekscha a memorin shirin ban da wanda ke cikin kati, to kaga duk hoton da ka kumbura daga cikin wannan ’yar rumbun yake ci. Garkuwa ɗaya ba zata kashe kowa ba, amma wanda ya saba da haka gobe bangon birni zai yi, jibi ƙasa da duwatsu, kuma mai saukar da mod ɗinka yana da wasu hamsin a kai. 2048 a buɗe da mipmap ya haura MB 21, a DXT1 bai kai MB 3 ba. Ni dai ban ga garkuwar ƙarfe mai tsatsa da ido zai bambance su ana cikin wasa ba.

In akwatunan ne ke damunka, sau da yawa laifin abin matsewar ne. Ba duka suke aiki iri ɗaya ba, wani sauri yake yi ya zaɓi kalolin murabba’in yadda ya ga dama, wani yana tsayawa ya nemo mafi dacewa. Gwada texconv na Microsoft ko NVIDIA Texture Tools ko Compressonator na AMD akan hoto ɗaya ka kwatanta da idonka.

’YarZane:

Sannunku. Yaya Tsohon_Injin ya gama da lissafi, ni kan ganyen zan yi magana don shi ne zai ba ka ciwon kai ba garkuwar ba.

Da farko dai PNG ɗin nan naka kada ka goge shi, ba ɓata lokaci ka yi ba. Ka ajiye asalin aikinka a XCF na GIMP da leyoyinsa duka, ko PNG ko TGA mai bit 32, wannan shine uwar aiki, DDS kuma fitarwa ce kawai ta ƙarshe. Duk gyaran da zaka yi ka koma kan uwar ka sake fitarwa. In ka buɗe DXT ka gyara ka sake ajiyewa a DXT, ka matse abinda aka riga aka matse, kowane zagaye yana ƙara lalacewa kuma baya dawowa. JPG kuwa kada ya shigo tsakiyar aikin ko sau ɗaya, bashi da alfa kuma yana zuwa da nasa dattin.

Yanzu ganye. Zaka fitar da shi ka shiga gem ka ga kowane ganye da wani farin zare a gefensa, ko baƙi, musamman daga ɗan nesa. Abinda ke faruwa, wurin da ka goge ya zama babu komai a idonka har yanzu yana da kala a ƙarƙashi, yawanci fari ko baƙi, alfa ce kawai ta rufe shi. Da aka zo yin mipmap ana haɗa fiksel da maƙwabtansa, sai farin nan ya malalo cikin koren. Maganinsa ka sa leya a ƙasan ganyen ka cika ta da koren da ya yi kama da na ganyen, ko ka kwafi ganyen ka baza kalarsa ta fita waje sosai, sannan ka yi alfar daban a matsayin abin rufewa. A GIMP in zaka fitar da PNG akwai wani akwati na ajiye kalar fiksel ɗin da ba a gani, ka tabbata an danna shi, in ba haka ba duk wahalar nan zai zubar da ita. Wannan ne dalilin da yasa tsofaffin masu zane suka fi son TGA, alfarsa a gefe take zaune ba ruwanta da kalar. In ka yi TGA don wani tsohon gem ka cire zaɓin matsewar RLE, wasu injinan basa karanta shi, kuma in hoto ya fito a kife to zaɓin nan ne na farawa daga ƙasa ko daga sama.

Abu na biyu, bishiyarka zata iya yin sanƙo daga nesa, kusa cike da ganye, ka ja baya ta koma tsinke. Shi ma mipmap ne, alfar siraran ganye tana raguwa a ƙananan kwafin har ta faɗi ƙasa da inda gem ke yankewa. Ka ɗan kaurara gefen alfar, NVIDIA Texture Tools kuma yana da zaɓin da ke riƙe cikar alfa a mipmap. Don Allah ka gwada a cikin gem da rana da kuma yamma, kada ka yarda da yadda yake a allon GIMP.

Sabon_Hannu:

Kai Allah ya saka muku da alheri duka, na buɗe a Notepad DX10 ne kuwa a nawa, na asalin kuma DXT ne. Na sauko 1024 na kunna BSA Redirection zanena ya fito. Amma Malam akwai wani fayil kusa da shi mai suna iri ɗaya sai dai ya ƙare da _n, shuɗi-shuɗi ne mai ruwan hoda, ban taɓa shi ba, yanzu in haske ya bugi garkuwar ina ganin tabon tsohon zanen a ƙarƙashin nawa. Shi kuma yaya zan yi da shi, DXT1 ɗin zan sa masa?

Tsohon_Injin:

Wannan shine nomal map, shi ke gaya wa haske ina ne tudu ina ne kwari a jikin garkuwar, kalolinsa ba kala ba ne, alƙibla ce aka rubuta da ja da kore da shuɗi. Tunda ka canza zane dole ka yi masa sabo da ya bi zanenka, sunan ya zama iri ɗaya da na tekscha ɗin da _n a ƙarshe, a folda ɗaya.

Kada ka sa masa DXT1. A Oblivion alfar wannan fayil ɗin ita ce ke riƙe sheƙi, inda ta yi fari abin ya yi ƙyalli, inda ta yi duhu ya dushe, to garkuwa ƙarfe ce, kana so bakin ƙarfen da ƙusoshin su ɗauki haske, fatar da ke jiki da wurin tsatsa su kwanta. DXT5 ne zai riƙe maka wannan, da mipmap kamar kullum. Buɗe alfar na asalin ka ga yadda suka yi tasu, zaka ga mafi yawanta toka-toka ce mai duhu ba fari ba, ka bi wannan ma’aunin, in ka cika fari garkuwar zata zama kamar an jiƙa ta.

Ka ƙirƙiro shi daga uwar aikin da ’YarZane ta ce ka ajiye, ba daga DDS ɗin da ka fitar ba, in ba haka ba akwatunan huɗu sau huɗu ɗin nan su ma zasu koma tudu da kwari haske ya dinga nuna su. Mafi kyau ma ka zana hoto baƙi da fari daban, fari inda ya taso baƙi inda ya lotsa, ka ba tacen nomal map na GIMP shi, don in ka ba shi hoton kala kai tsaye duk wurin da fenti ya yi duhu zai ɗauka rami ne. Nomal map shi ne wanda DXT ya fi cuta, don haka a nan in ƙarami ne kuma santsin ƙarfen ya fito da tsani-tsani, bi shawarar Fiksel99 ka bar shi a buɗe, ko ka rage shi zuwa 512 a buɗe wanda girmansa ɗaya da 1024 a DXT5. Zaka ga wani zaɓi DXT5nm ko BC5 an ce na nomal map ne musamman, kyale su, suna jujjuya kalolin ta hanyar da sai injin da aka rubuta dominsu ke ganewa.

In ka shiga gem ka ga abinda ya kamata ya taso ya lotsa, ƙusa ta koma rami, koren ne a juye, wasu shirye-shiryen sama suke kallo da shi wasu ƙasa. Koma GIMP ka zaɓi layin kore shi kaɗai ka juya shi, ka sake fitarwa, sannan ka tsaya kusa da tocila a cikin gem ka jujjuya garkuwar ka gani.